Yadda Ake Karanta Bangon Tsohon Birni da Ƙafa

Akwai birane da yawa a duniya inda bango ɗaya yake ɗauke da muryoyi biyu. Murya ta farko ta wanda ya zo daga ƙetaren teku ce, ya kafa mulki, ya sa aka gina masa ofis da bariki da gidan kwastan yadda duk wanda ya wuce zai san wane ne mai iko. Ta biyu kuwa ta jikokin waɗanda suka ɗauki duwatsun ce, waɗanda yau suke zuwa da fenti da buroshi su zana abin da ke ransu a jikin wannan bangon. Wanda ya ratsa irin wannan birni a mota ba zai ji ko ɗaya ba. Sai an taka da ƙafa, kuma takawar ma tana da yadda ake yin ta.

Tun kafin ka fita

Abu na farko shi ne ka san wanda ya mulki birnin, da shekarar da ya zo, da shekarar da ya tafi. Layi uku a takarda sun isa. Wasu biranen hannu ɗaya ne ya riƙe su, wasu kuma an yi ta karɓe-karɓe. Fort Kochi da ke gaɓar tekun Indiya misali ne: mutanen Fotugal sun kafa sansani a 1503, mutanen Holan suka ƙwace a 1663, Ingilishi suka karɓa a 1795. Idan ba ka riƙe waɗannan shekaru uku ba, duk gine-ginen za su zame maka abu ɗaya, "tsohon ginin Turawa", alhali tsakanin wani gini da maƙwabcinsa akwai shekara ɗari biyu da harshe daban.

Abu na biyu, ka nemi taswira iri biyu. Ta yau, wadda za ka sauke a wayarka daga Google Maps ko OpenStreetMap don ta yi aiki ko babu intanet, da kuma tsohuwa. Ɗakunan karatu da dama sun saka tsofaffin taswirorinsu a intanet kyauta, kamar rumbun Gallica na babban ɗakin karatun Faransa da tarin taswirorin David Rumsey. Ka ajiye su gefe da gefe. Inda tsohuwar ta nuna ganuwa, sau da yawa yau babban titi ne mai zagaye. Inda ta nuna bakin ruwa, za ka iya tarar da layi biyu ko uku na gidaje, domin an cike teku da ƙasa. Sunayen tituna ma sun canja a wurare da yawa bayan samun 'yanci, kuma tsohon sunan yakan faɗi sana'ar da ake yi a layin ko sunan gwamnan da aka so a girmama.

Sannan ka zana hanyarka, kuma kada ka yi haɗama. Kilomita uku zuwa huɗu a cikin awa uku ya wadatar, saboda tsayuwa za ta fi tafiya yawa. Takalmi mai taushi, ruwan sha, ƙaramin littafi da alƙalami, waya mai cikakken caji. Ka fita da sassafe. Hasken safe yana faɗowa a karkace, yana fito da kowane zane da tsaga a jikin bango, kuma shaguna ba su buɗe ba, don haka ƙyaurensu na ƙarfe, inda masu zane suka fi son aiki, suna rufe kana ganinsu.

Ka fara daga inda iko ya zauna

Kada ka fara daga duk inda ka ga dama. Nemi wurin da masu mulkin suka fara sauka: bakin tashar jiragen ruwa, ko sansanin soja, ko babban dandali. Daga nan birnin ya tsiro, kuma daga nan tsarinsa zai bayyana maka.

A biranen da Sifaniyawa suka gina a nahiyar Amurka, dandali ne cibiya. Sarki Philip na biyu ya fitar da dokokin tsara birane a 1573, inda aka tanadi babban fili a tsakiya, tituna su fita daga gare shi a miƙe, a ware wurin majami'a da na majalisar gari. Dokar ta kai har ga faɗin titi: a ƙasar sanyi a yi shi da faɗi, a ƙasar zafi a matse shi. Saboda haka idan kana tafe a wani siririn kwararo mai inuwa a Habana ta Kuba ko Kartahena ta Kolombiya, ba kuskuren magina ba ne, da gangan aka yi. A biranen Ingilishi kuwa, za ka fi samun wani shimfiɗeɗɗen filin ciyawa na faretin soja, kewaye da kotu da baitulmali da coci da kulob. George Town da ke tsibirin Penang a Malesiya, wanda Francis Light ya kafa wa kamfanin Ingilishi na Gabashin Indiya a 1786, haka yake: sansanin Cornwallis a bakin ruwa, fili a gefensa, manyan ofisoshi na fuskantar filin.

Tsaya a tsakiyar wurin, ka juya a hankali, ka tambayi kanka: wane gini ne ya fi tsawo? Wanne ne yake da matakala mafi yawa kafin a kai ƙofarsa? Matakala da ginshiƙai ba ado kaɗai ba ne. An yi su ne don mai shigowa da ƙara ko mai biyan haraji ya ɗaga kai, ya ji ƙanƙantarsa tun bai shiga ba.

Daga nan ka nemi iyakar. Kusan kowane birnin mulkin mallaka yana da layin da ya raba unguwar masu mulki da ta 'yan ƙasa, ko da yau babu alamar da ta rubuta haka. A Dakar, bayan annobar da ta ɓarke a 1914, hukumar Faransa ta kwashe 'yan ƙasa da yawa daga tsakiyar gari ta kafa musu unguwar Madina. A Maroko, gwamnan mulkin mallakar Faransa Lyautey da mai tsara masa birane Henri Prost sun bar tsofaffin birane a cikin ganuwarsu, suka gina sababbi a gefe don Turawa. Ƙafarka ce za ta gaya maka ka tsallake layin: titi ya ƙuntata, itatuwan gefen hanya suka ƙare, filaye suka ƙanƙance, jama'a suka yawaita. Ka sa alama a taswirarka. A ganina, wannan layin shi ne abu mafi muhimmanci da za ka gano a ranar, ya fi kowace kyakkyawar taga.

Yadda ake duban gini ɗaya

Ka zaɓi gini guda, ka ba shi minti goma cif. Fara da tsallaka titi, domin daga gindinsa ba za ka ga komai ba. Hawan ƙasa yawanci an riga an canja shi, an saka gilashi da allon talla. Asalin ginin yana sama, daga bene na farko zuwa rufi.

Nemi shekara. Magina kan rubuta ta a saman ƙofa ko can ƙololuwar fuskar gini, wani lokaci da lambobin Rumawa, saboda haka yana da kyau ka tuna M dubu ne, D ɗari biyar, C ɗari, L hamsin, X goma, V biyar, I ɗaya, kuma ƙaramin harafi in ya gabaci babba ɗebe shi ake yi (XC casa'in ne). MDCCCXCVII shi ne 1897. In babu shekara, nemi tambari. Haruffan VR a jikin gini ko akwatin gidan waya na nufin zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901. RF alamar jamhuriyar Faransa ce. Harafin V babba da O da C a sarƙe tambarin kamfanin Holan ne na Gabashin Indiya wanda aka kafa a 1602, kuma har yanzu ana ganinsa a saman wata ƙofar katako a Fort Kochi tare da shekarar 1740. Wani lokaci ma girman ginin ne saƙon: hasumiyar agogo ta George Town tsawonta ƙafa 60 ne, ƙafa ɗaya ga kowace shekara ta sarautar Biktoriya zuwa 1897, kuma wani attajiri ɗan asalin Sin, Cheah Chen Eok, shi ya biya kuɗin gina ta.

Sai kayan gini, kuma a nan ne nake so ka daɗe. Nemi inda yaɓe ya ɓare ka leƙa abin da ke ciki. A Kartahena da tsohon garin Zanzibar za ka ga dutsen murjani da aka sassaro daga teku, da ƙananan ramukansa. A wani wurin jan bulo ne siriri, a wani wurin tubalin ƙasa. Tsohon yaɓe na farar ƙasa ne da yashi, yana da taushi, yana barin danshi ya fita. Siminti irin wanda muka sani an yi masa rajista a Ingila a 1824, amma bai game duniya ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, shi ya sa idan ka ga facin siminti mai launin toka a tsohon bango, gyara ne na baya. Kuma sau da yawa gyaran ne ke kashe ginin: siminti yana toshe danshi, ruwan ya hau sama da facin, gishiri ya fito fari-fari, bulo ya rududduge. Rufin kwano an ƙirƙiro shi a Landan a 1829, jiragen ruwa suka raba shi ko'ina. Ginshiƙan ƙarfe da dogaran baranda masu ado da yawa daga ma'aikatun Gilasgo suka fito, kuma idan ka durƙusa ka duba gindin ginshiƙi kana iya karanta sunan maƙerar, irin su Walter Macfarlane. In ka tsinci ɓallin jan tayil na rufi a ƙasa, juya bayansa. Ba mamaki ka ga an buga Marseille ko Mangalore. Duba, ka ɗauki hoto, ka mayar inda ka same shi.

Bayan haka ka lura da yadda ginin yake kokawa da zafi, tunda an yi shi kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. Rufi mai nisa daga kai. Baranda mai zurfi da ke hana rana taɓa bango. Tagogi masu katako jere a karkace, iska ta shiga, haske ya tsaya. Ƙofa na kallon ƙofa don iska ta ratsa. Tsakar gida buɗe a sama, wadda ke fitar da iska mai zafi. A Singafo, tsarin da jami'in Ingilishi Stamford Raffles ya shimfiɗa a 1822 ya wajabta a bar rufaffiyar hanya a gaban shaguna, wadda aka fi sani da hanyar ƙafa biyar, kuma salon ya bazu zuwa Penang da Malaka, har mutum kan ratsa layi guda ba rana ba ruwan sama.

Galibin waɗannan dabaru ba daga Turai suka zo ba. Baƙin sun tarar da su ne a hannun mutanen ƙasa, suka ara. Gidan nan mai hawa ɗaya da baranda kewaye, wanda jami'an Ingilishi suka yayata a duk inda suka je, asalinsa gidan manoman Bengal ne. Don haka ka nemi hannun maginin gida: furen da aka sassaƙa a ƙyaure wanda ba ya tsirowa a Turai, tayil ɗin Sin a gindin ginshiƙi irin na Girka, bakan ƙofa mai salon Larabawa a ofishin gwamna. Sunan mai zanen taswirar ginin yakan kasance a rubuce. Na birkila da kafinta da masu ɗaukar dutse, waɗanda a wurare da yawa bayi ne ko fursunoni ko mutanen da aka tilasta wa aiki, ba a rubuta ba. Ba laifi ba ne gini ya burge ka. Gidan man Fiat Tagliero na Asmara, wanda aka gama a 1938 da siffar jirgin sama, fukafukansa na kankare mita 15 kowanne ba tare da ginshiƙi ba, dole ya tsayar da mai wucewa. Amma a waɗannan shekarun ne dokokin wariyar launin fata na Italiya suka killace 'yan Iritiriya a unguwanni irin su Aba Shawul. Ka riƙe abubuwan biyu tare a ranka.

Yanzu ka shiga lungu

Zanen bango ba kasafai yake zama a babban dandali ba, domin can hukuma na sa ido. Ka bi bayan gine-gine, gefen tsofaffin rumbunan ajiya na tashar jiragen ruwa, katangar filin da aka rushe, ƙarƙashin gada, da unguwannin da ke hayin wancan layin da ka sa wa alama. Kana tafe kana waiwaye, saboda rabin zanen yana bangon da ka ba wa baya.

Ka koyi bambance iri-irinsu. Akwai sa hannu kawai, laƙabin mutum da aka fesa cikin daƙiƙa kaɗan. Akwai manyan haruffa masu kumburi da launi biyu. Akwai wanda ake yanka siffa a kwali a ɗora a bango a fesa fenti, ka gane shi da kaifin gefensa da yadda yake maimaituwa a wurare da yawa. Akwai takarda da aka zana a gida aka zo aka manna. Sai babban zane mai cin bango guda, wanda ke buƙatar tsani da kwanaki, kuma kusan kullum da izinin mai gida ko na hukuma aka yi shi. Wannan bambanci yana gaya maka wanda ya yi magana da izini da wanda ya yi ta a gurguje cikin dare. Wasu ma ba fenti suke sakawa ba: mai zane Vhils na Lisbon yana sassaƙe yaɓen bango da kurfi da na'urar huda har fuskar mutum ta fito daga tsofaffin shimfiɗun da ke ƙasa.

A gaban kowane zane ka yi tambaya uku. Wa aka zana? Wa ake so ya gani? Me ya sa a wannan bangon? Amsar ta uku ce ke haɗa zanen da ginin. A Kartahena, unguwar Getsemaní ta masu sana'ar hannu ce da 'yantattun bayi, kuma daga cikinta ne maƙeri Pedro Romero ya jagoranci jama'ar da suka matsa aka ayyana 'yancin birnin daga Sifaniya ranar 11 ga Nuwamba 1811. In ka san wannan, fuskokin baƙaƙen mata da maza da suka cika bangayen unguwar sun wuce ado a idonka. A James Town ta birnin Akra, bikin zane na Chale Wote da aka fara a 2011 an shafe shekaru ana yin sa a titunan da ke gaban sansanin James na Ingilishi da sansanin Ussher da mutanen Holan suka gina a 1649, wuraren da aka tsare bayi, daga baya aka mayar da su kurkuku. A Alƙahira, mai zane eL Seed ya shimfiɗa rubutun Larabci guda a kan gidaje kusan 50 a unguwar masu kwasar shara ta Manshiyat Nasir a 2016, kuma ba a iya karanta shi gaba ɗaya sai an hau dutsen Muƙaɗɗam. Wani zanen sai ka nemi inda mai shi yake so ka tsaya.

Duba kusurwar ƙasa don sa hannu da shekara. Da yawa sukan rubuta sunan shafinsu na Instagram. Rubuta shi, kuma idan ka saka hoton a wani wuri ka ambaci mai aikin. Duba kuma abin da ke ƙarƙashin zanen da abin da aka ɗora a kansa. Fuskar da aka shafe da baƙin fenti labari ce. Haka ma dakalin da babu kowa a kansa, inda dā mutum-mutumin wani gwamna yake tsaye, kamar wanda ya rage a Jami'ar Cape Town bayan an sauke na Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Ingilishi a Afirka ta Kudu, a watan Afrilu 2015.

Akwai wani abu da ke damuna wanda ya kamata ka sa wa ido. A 2012 Ernest Zacharevic, ɗan ƙasar Lituweniya, ya zana yara biyu a bangon titin Armeniya a George Town, ya jingina keke na gaske a ƙarƙashinsu kamar suna kai. Aikin yana da kyau ƙwarai, kuma ya jawo baƙi har ana yin layi don ɗaukar hoto. To amma inda baƙi suka yi yawa, kuɗin haya yakan tashi, tela da mai gyaran agogo su tashi, masauki da shagon tsaraba su maye gurbinsu. Mazauna Getsemaní ma suna kuka da wannan. Kana iya gane zanen da aka yi don 'yan unguwa da wanda aka yi don kyamarar baƙo: na biyun yakan bar gurbi daidai tsayin mutum. Sannan fentin roba a kan tsohon yaɓen farar ƙasa yana toshe numfashin bango kamar yadda siminti ke yi, shi ya sa hukumomin adana tarihi a wuraren da UNESCO ta yi wa rajista suke taƙaita inda za a yi zane. Ina ganin suna da hujja, ko da yake wani lokaci hujjar takan zama sandar korar talaka daga bangon unguwarsa.

Mutane, da kiyaye kai

Tsohon birni gidan wasu ne. Ka gai da mutanen da ke zaune a ƙofar gida kafin ka ɗaga waya, kuma kada ka ɗauki hoton mutum, balle yaro, sai da yardarsa. Matambayi ba ya ɓata: dattijon da ya shekara hamsin a layin zai gaya maka abin da ginin yake kafin ya zama ɗakin ajiya, da wanda ya yi zanen, da abin da ke bangon kafin shi. Abin da ya faɗa ka rubuta shi a matsayin abin da aka gaya maka, ka gwada shi da abin da ke rubuce daga baya. In akwai masu zagayawa da baƙi 'yan asalin unguwar, musamman waɗanda su kansu masu zane ne, ka ɗauki ɗaya, ka biya shi haƙƙinsa.

Yawancin ofisoshin mulkin mallaka har yau ofisoshin gwamnati ne: bariki, caji ofis, kotu, fadar shugaba. A ƙasashe da dama ɗaukar hotonsu laifi ne, don haka ka tambayi mai gadi tukuna. Kada ka tsaya ƙarƙashin barandar da ta tsage ko itace ya tsiro a jikinta, kada ka shiga kangon da ba kowa, katakon benensa gara ta gama da shi. Kada ka jingina da zane ko ka taɓa shi. Gumin hannu dubu yana cinye fenti. Lungun da ka ga babu mata da yara a cikinsa, ka bar shi sai ka samu ɗan rakiya.

Da ka koma masauki

A daren nan, tun abin bai bi iska ba, ka jera hotunanka bisa hanyar da ka bi, ka rubuta sunan titi da kwanan wata a kan kowanne. Ga zanen bango kwanan watan yana da muhimmanci, domin wata shida kaɗai na iya shafe shi, hotonka ya zama shaidar cewa ya taɓa wanzuwa. Fitar da tambayoyin da ba ka samu amsarsu ba, ka kai su gidan tarihin birnin ko ɗakin adana takardu, inda sau da yawa akwai tsofaffin hotunan titunan da ka taka. In kana da sauran kwana, ka sake bin hanyar nan dai, amma ta baya kuma da yamma. Bangayen da ke fuskantar yamma, waɗanda ka wuce su cikin inuwa da safe, su ne rana za ta haska a lokacin, shaguna sun buɗe, mutanen layin sun dawo gida, kuma wanda za ka tambaya yana zaune a ƙofarsa.